Maniru Mai Gaisuwar Juma'a

Maniru ɗan wana ne. Ubansa, Malam Abdulaziz, ya karantar da allo a zauren gidanmu na Bodinga har Allah ya karɓi abinsa. Ni aure ya kawo ni Shagari, na yi aikin rubuta kati a ɗakin shan magani har na yi ritaya. Na san Maniru tun ranar sunansa. Yana da ƙwaƙwalwa, yana da haƙuri, ba ya ƙarya. Abu ɗaya ne bai iya ba har furfura ta fara fito masa a gemu: bai iya buɗe baki ya ce wa babba ina son kaza ba.

Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. A gidanmu in yaro yana son wani abu wurin Malam, ba ya faɗa. Zai je ya durƙusa a bakin buzu, ya yi gaisuwa, ya zauna shiru, ya tashi. Gobe ya koma. Malam yana sane da shi sarai. Ranar da ya ga dama sai ya ɗaga kai daga littafi ya ce, "Mi at tahe da kai?" Sannan ne ake magana. Da haka Maniru ya samu izinin shiga sakandare, da haka ya samu izinin karanta aikin gona a jami'a, da haka ya nemi matarsa Kulu wurin iyayenta. Duk inda ya je ya durƙusa, wanda ya durƙusa wa ya san ƙa'idar, ya kuma san nauyin da ke kansa na ya tambaya. Don haka hanyar ba ta taɓa ba shi kunya ba, bai kuma ga dalilin koyon wata ba.

Da ya gama digiri na biyu sai ya samu koyarwa a wata kwaleji a Sakkwato. Bai tare a birni ba, kullum daga Bodinga yake zuwa ya dawo. Abin da ya sa a gaba shi ne albasa. Duk wanda ya san fadamar Danchadi ya san yadda ake yi: a cire albasa a ƙarshen sanyi, a jibge ta a rudu, wato rumfar kara da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa, a jira ta yi daraja. Kafin ta yi darajar, wani lokaci rabinta ya ruɓe. Maniru ya yi shekaru yana bin rudunan mutane da ma'aunin zafi da sikeli, yana gina nasa iri-iri a bayan gida, wani dogo, wani mai tagogi, wani mai rufin ciyawa biyu. Kulu ta ce har kayan Sallarta warin albasa suke yi. Manoma suna yi masa dariya, suna kuma kwaikwayon rudunsa a ɓoye.

Bara, wajen lokacin cirar albasa, aka ba kwalejinsu gurbin karatun digiri na uku a ƙasar waje. Sharaɗin shi ne, duk mai so sai ya kawo shaidar cewa wani farfesa a can ya yarda zai duba aikinsa, kafin ƙarshen damina. Akwai kuma iyakar shekaru, Maniru yana bakinta. In ya rasa wannan, ba zai sake shiga layi ba. Su biyu ne a sashensu suka cancanta, shi da wani Nura da ya zo bayansa da nisa.

Nura ne ma ya buɗe masa shafi a wata kafar intanet inda malaman jami'a da ma'aikata ke baje aikinsu, suna neman juna. Na ga shafin Nura. Duk taron da ya je akwai hoto, duk takardar shaidar da aka ba shi akwai hoto, har wadda aka ba shi don ya zauna ya saurari wasu. Na ga na Maniru. Hotonsa ne da babbar riga da sunan kwaleji, sai fili. Na tambaye shi ina rudunan. Ya ce mutum ya ɗora aikinsa da hannunsa ai yabon kai ne.

A wannan kafar ya ci karo da Farfesa Ɗahiru. Ɗan Kajiji ne, ya bar gida tun yana saurayi, yana koyarwa a wata jami'a a ƙasar Turawa, kuma aikinsa duk a kan adana amfanin gona ne bayan girbi. Maniru ya zo mani Shagari da labarin yana rawar jiki, abin da ban saba gani wurinsa ba. Ya ce Allah ya kawo masa mutum har gida. Ya nemi su ƙulla, Farfesa ya amsa. Ya rubuta masa gaisuwa da Hausa, irin wadda ake yi wa manya, da ranka shi daɗe da Allah shi ƙara girma. Farfesa ya ji daɗi har ya ba shi lambarsa ta Watsap.

Daga nan kowace Juma'a, in an sauko daga masallaci, Maniru zai samu wuri mai sabis ya tura saƙon murya. Ya gaida Farfesa, ya gaida iyali, ya tambayi sanyi, ya tambayi aiki, ya yi addu'a, ya rufe. Farfesa yakan amsa da dogon saƙo. Yana tambayar ko zafi ya sauka, ko an yi shuka, ko har yanzu ana kawo nono kasuwar Kajiji a manyan ƙore. Maniru yakan je ya bincika don ya ba shi amsa daidai.

Da ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa, ya zo gaishe ni wata Asabar. Na ba shi fura, na jira ya sha.

Na ce, "Ka hwaɗa mai abin da kaka so?"

Ya ce, "Tukuna dai, Gwaggo."

"Mi kaka jira?"

"Shi tambaye ni. Ba a soma ma babba da bukata."

"Ubanka shina ganinka durƙushe gabanai, shi yas sa shika tambaya. Wanga shina ganin gwiwunka cikin waya?"

Ya yi dariya ya ce Farfesa ɗan gida ne, ya san yadda ake yi.

Na ce, "Ɗan gida na da yat tahi. Mutum shi yi shekara talatin cikin mutanen da ka hwaɗin bukatarsu kahin su zauna, ka ce shi tuna da buzun ubanka?"

Bai yi mani musu ba. Maniru ba ya musu. Yakan ce to, ya tafi ya yi abin da ya yi niyya.

Abin da ya yi niyya shi ne ya bi ta hannun manya, yadda ake yi in gaisuwa ta yi tsawo ba a tambaye ka ba. Ya binciko cewa Farfesa yana da wa a Kajiji, Malam Altine, manomi mai ɗan garken shanu. Ya hau babur ya bi hanyar nan da damina ke cinyewa, ya isa da laka har cinya, da buhun albasa ɗaure a baya. Malam Altine ya karɓe shi da kyau. Shi kam ya san ƙa'ida, bayan an gaisa an sha ruwa ya tambaye shi abin da ke tafe da shi. Maniru ya faɗa masa komai, gurbi da sharaɗi da shekaru. Tsohon ya ce in Allah ya so zai isar.

Abin da Maniru bai lissafa ba shi ne, Malam Altine ma irinsa ne. Bai taɓa roƙon ƙanensa komai ba tun da ya tafi, yana kuma alfahari da hakan. Da suka yi waya, abin da ya iya fitarwa daga bakinsa kawai shi ne, wani malami ɗan Bodinga ya keto laka ya zo ya gaishe shi saboda darajar Ɗahiru, har da albasa. Yana ganin ya buɗe ƙofa ke nan, saura ƙanen ya tambaya.

Farfesa bai tambaya ba. Saƙo ya turo wa Maniru, mafi tsawo a duk waɗanda ya taɓa turowa. Maniru ya kawo wayar har ɗakina ya kunna mani, don ya kasa faɗa da bakinsa. 

"Maniru, Yaya Altine ya hwaɗa mani abin da kay yi. Wallahi ban san mi zan ce ba. Duk wanda yak kira ni daga gida, kahin in gama amsa sallama na ji bukata. Wanga shina son aiki, wancan shina son in kai ɗanai waje, wani ko sunana bai iya hwaɗi daidai ba. Har na kai ga in na ga lambar gida gabana shika hwaɗuwa. Kai ɗai ka gaishe ni don Allah, ba ka taɓa roƙona komi ba. Ka mai da mani gida kusa. Allah shi saka ma da alheri."

Da saƙon ya ƙare Maniru ya kife wayar a kan tabarma.

Na ce, "To, yanzu sai ka hwaɗa mai."

"Bayan wanga?"

"Bayan wanga. Gero ya hidda kai, Maniru. Kwana nawa yar rage?"

"In na roƙe shi yanzu, duk gaisuwar da niy yi ta koma ƙarya."

"Da ma don bukata kas soma ta. Kai ka sani, ni na sani."

 Can ya ce, "Da hwarko haka na. Daga baya ba haka na ba."

Na yarda da shi a kan wannan. Na ga yadda yake zuwa kasuwa don kawai ya dubo wa mutumin ƙoren nono. Amma yardata ba ta ƙara masa kwana ko ɗaya a wa'adin ba, na kuma faɗa masa hakan.

Ya yi mako yana juya abin. Daga nan ya ɓullo da wata hanya: zai bar Farfesa Ɗahiru a matsayinsa, ya nemi baƙi. Nura ya nuna masa yadda ake lalubo masu aiki irin nasa a wannan kafar. A nan na ga abin da ya ba ni mamaki. Mutumin da ya yi wata da watanni ya kasa furta kalma ɗaya ga ɗan Kajiji, ya zauna a tsakar gidana ya rubuta wa farfesoshin ƙasashen da bai san ko ina suke ba, da Turanci, kai tsaye: ni wane ne, ga aikina, ga abin da nake so. Ya ba ni na farko na karanta, na ce ya cire sakin layi biyu na fatan alheri da ya fara da su. Ya cire ba gardama. Har hotunan rudunan ya ɗora a shafinsa, da jadawalin awon da ya yi.

Na ce, "Yau ina yabon kai yat tahi?"

Ya ce, "Waɗanga ba su san ubana ba, Gwaggo."

Yawancinsu ba su amsa ba. Wani ya ce ba shi da wuri. Wata mace, farfesa a wata jami'a can gabashin duniya, ita ce ta amsa da sha'awa. Ta ce su ma manomansu suna fama da ruɓewar albasa, rudu mai rufi biyu ya ja hankalinta. Amma ba ta san shi ba, ba ta san kwalejinsa ba, bai kuma taɓa buga aikin a wata mujalla da ta sani ba. Ta ce ya ba ta sunan wani sananne a fannin da zai tsaya masa, in ta ji daga wurinsa za ta amince.

Sananne ɗaya Maniru ya sani a duniya.

Ya sake ɓata kwanaki. Ya gwada wani malaminsa na jami'a, aka ce ya yi ritaya, ba ya duba saƙo. Ya gwada ba da sunan shugaban sashensu, farfesar nan mace ta ce da ladabi tana son wanda aka san aikinsa a waje. Lokacin an fara yankan gero a tudu. Nura kuwa tuni ya kai tasa shaidar ofis, daga wani farfesa da ya rubuta wa tun bazara.

Ranar wata Juma'a Kulu ta kira ni ta ce in yi wa ɗana magana, ya ƙi cin abinci, yana zaune bayan gida cikin rudunansa da waya a hannu. Na ce ta ba shi wayarta.

Na ce, "Maniru, ka zaɓi guda. Ko ka roƙi Farfesa Ɗahiru yau, ko ka tashi ka ci tuwo ka manta da karatun. Duka biyu ba abin kunya ba ne. Zaman ga da kaka yi shi ad da kunya, don ɗiyanka na kallo."

Ya ce to.

A wannan karon ya yi abin da na ce. Daga baya ya kunna mani saƙon da ya tura. Ya yi gaisuwarsa cikakkiya kamar kullum, bai rage komai ba. Sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, akwai maganar da niy yi nauyin baki ban hwaɗi ba." Ya faɗi gurbin, ya faɗi farfesar da ke neman mai tsaya masa, ya faɗi wa'adin. Bai ɓoye cewa tun farko da wannan niyyar ya neme shi ba. Wannan ban sa shi ba, shi ya ƙara da kansa.

Farfesa, wanda yakan amsa kafin la'asar, bai amsa ba ranar. Bai amsa ba washegari. Wayar tana nuna ya saurara. Sai tsakiyar mako amsa ta zo, a rubuce, ba da murya ba. Ta ce: "Na ji. Halinka na sani, aikinka ban sani ba. Ba ni sa sunana kan abin da ban gani ba. Turo duka."

Maniru ya tura duk abin da ya tara. Farfesa ya karanta da gaske, ba duban sama-sama ba. Ya dawo da shi da jan rubutu a kusan kowane shafi. Ya ce tunanin yana da kyau, rudun yana aiki, amma awon yana da rami: Maniru ya gwada albasar fadama ɗaya a wani rudu, ta wata fadamar a wani, ba yadda za a san ko rudun ne ya hana ruɓa ko albasar ce. Ya ce a ware waɗanda suka fito gona ɗaya a sake lissafi, in abin ya tsaya zai rubuta wa matar.

Maniru ya koma Danchadi yana bin manoma ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wace albasa ta fito daga ina, a shekarun da wasunsu suka manta. Ya sake lissafin. Abin ya tsaya, ko da yake bai kai yadda ya zata ba. Farfesa ya cika alkawari, ya rubuta wa matar, ita ma ta amince. Amincewarta ta iso bayan an rufe karɓa. Maniru ya kai ta ofis duk da haka. Suka karɓa suka duba, suka ce sun riga sun tura sunan Nura.

Mutane a Bodinga sun so su mai da abin zalunci, wasu suka ce Nura yana da hanya. Ba shi da wata hanya. Ya rubuta da wuri, ya faɗi abin da yake so, aka ba shi. Maniru da kansa ya raka shi tasha, aka kuma ɗora masa darussan da Nura ya bari a kan nasa.

Na tambaye shi ko Farfesa ya taɓa cewa da ya faɗa tun bazara da shi da kansa zai ɗauke shi. Ya ce bai ce ba.

Bai daina gaisuwar Juma'a ba. Farfesa ma yana amsawa, amma a rubuce, layi ɗaya ko biyu, sannan ya shiga maganar aiki. Ya sa Maniru ya sake gwajin daga tushe a wannan rani, albasar gona ɗaya, iri ɗaya, a raba ta rudu-rudu. Ya ce in an gama za su rubuta shi tare su kai mujalla. Ya haɗa shi da wasu mutum biyu masu irin aikin, ɗaya a Nijar. Digirin dai babu, kuma a shekarun Maniru ba na jin za a sake kiransa.

Kwanan baya ya biyo ta Shagari da ma'auninsa a jaka, zai wuce duba wata gona. Ya nuna mani shafukan da Farfesa ya dawo da su, ja ya fi baƙi yawa.

Na ce, "Mutumin da ba ya sonka ba shi ɓata idonai haka."

Ya ce, "Ko kuma shina biyan gaisuwar da niy yi mai, don kada in bi shi komi."

"Kana ganin hushi shikai?"

"Ban sani ba, Gwaggo. Wata rana in ce ya huce, wata rana in ce bai huce ba."

"To ka tambaye shi mana."

Ya mayar da wayar aljihu, ya ɗauki jakarsa.

Ya ce, "Wanga abu kam ba a tambaya tai."

 Na ce ya gaida Kulu da yara.